Kafin mu ce "an riga an ba ɗan wani", mu duba yadda muke shiga ganawar neman aiki

Yau maganar tamu ta matasa masu neman aiki ce, amma iyaye da masu ɗaukar ma'aikata kada su yi nisa, su ma akwai rabonsu a ƙarshe.

Duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar wata ƙungiya ko wani kamfani ranar da aka kira masu neman aiki ya san yadda wurin yake kasancewa. Samari da 'yan mata jere bisa benci ko a gindin bedi, kowa riƙe da ambulan ɗinsa. Wani a mota ya kwana, wata ta baro jariri wurin uwarta. Gurbin kuwa ɗaya ne ko biyu. Da yamma in an koma fada an ɗora shayi, hukuncin ba ya canzawa: "Ai ɓata lokaci ne kawai, an riga an ba ɗan wani. PAC ce."

Ga wanda bai sani ba, PAC haruffa uku ne na Faransanci da 'yan Nijar suka daɗe suna zolayar kansu da su, ma'anarsu dangi, abokai da 'yan sani. Ba za mu zauna nan mu ce muku babu ita ba. Akwai ta. Mun ga wanda aka ɗauka bai ko taka ƙofar ganawar ba, mun ga wanda ya fi kowa takardu ya koma gida hannu rabbana. Wanda ya ce ƙarya ne, ko dai bai taɓa neman aiki ba, ko kuma shi ne ɗan wanin.

To amma akwai wata gaskiyar da ba mu son ji. Maganar PAC ta zama mana matashin kai. Tun kafin a kira mu mun yanke wa kanmu hukuncin faɗuwa, saboda haka ba mu shiryawa, sai mu je mu faɗi, mu dawo mu ce "ba mun gaya muku ba?" Wani yayanmu da ya daɗe yana zama cikin kwamitin ɗaukar ma'aikata a wata ƙungiya mai zaman kanta ya taɓa gaya mana abin da ya fi ba shi takaici. Ya ce ranar da babu wanda ya bugo waya, babu wanda ya aiko da sunan ɗansa, ranar da hanya take a buɗe fes, ita ce ranar da za ka ga yara sun shigo ba su san ma aikin da ƙungiyar take yi ba. Ya ce sai kwamiti ya rasa wanda zai ɗauka, a sake fitar da sanarwa. Wannan kam ba laifin PAC ba ne.

Mu tuna da yawanmu. Ƙidayar 2012 ta samu 'yan Nijar sun haura miliyan 17, yau mun wuce nan nesa ba kusa ba, kuma kusan rabinmu ba su kai shekara 15 ba. Da can Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ce kaɗai jami'ar gwamnati. A 2010 aka buɗe na Maradi, Damagaram da Tawa, a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Kowace shekara masu difilom ƙaruwa suke yi, kankur na shiga aikin gwamnati kuwa ba kullum ake buɗe shi ba. Ke nan difilom shi kaɗai ya daina raba gardama. Mutum ashirin za su zo da takarda iri ɗaya, abin da zai bambanta su shi ne minti ashirin ko talatin da kowa zai yi gaban kwamiti.

Wannan zaman shi ne 'yan boko ke cewa entretien, maƙwabtanmu na Najeriya su ce intabiyu. Abin mamaki, yaro zai yi shekara goma sha shida ko fiye a lakwal, a koya masa lissafi da tarihi da nahawu, amma da wuya a samu mushen da ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa yadda ake shiga wannan ɗakin, yadda ake zama, da abin da ake cewa. Sana'a ce kamar kowace sana'a, koyonta ake yi. Ga abin da muke gani.

Shiri yana farawa ne daga sanarwar aikin kanta, ko a allon hukumar ANPE ka gan ta, ko a jaridar Le Sahel, ko wani ya turo maka ta WhatsApp. Yawancinmu suna da ranar rufe karɓar dosiye kawai muke dubawa. Alhali tambayoyin da za a yi maka suna nan kwance cikin sanarwar. In an rubuta ana son wanda ya iya rubuta rahoto, za a tambaye ka rahoton da ka taɓa rubutawa. In an ce aikin na shiga ƙauyuka ne, za a tambaye ka ko ka iya tuƙa moto a rairayi, ko za ka iya kwana a daji. Ka ɗauki bik da kaye, kowane sharaɗi ka rubuta a gabansa abu ɗaya da ka taɓa yi wanda ya dace da shi. Inda ka rasa abin rubutawa, nan ne za a kama ka, sai ka shirya amsar gaskiya tun a gida.

Sannan ka san gidan da za ka shiga. Kunya ce ɗan Damagaram ya je neman aiki matatar SORAZ bai san ta fara aiki a 2011 ba, bai san ganga 20.000 aka gina ta ta tace a rana ba. Mai neman aiki a ƙungiyar da ke yaƙi da tamowa a jahar Maradi ya kamata ya san bambancin CRENAS, inda ake kula da yaro yana komawa gida, da CRENI, inda ake kwantar da wanda ciwon ya yi wa tsanani. Mai neman aikin noma ya iya maganar sassaben zamani, wanda manoman Maradi suka yi suna da shi a duniya, ko ya san matsalar ajiyar albasar Galmi in a jahar Tawa ne. Ba sai ka zama gwani ba. Kwamiti so yake ya ga ka damu da aikin har ka yi tambaya a kansa. Matambayi ba ya ɓata: nemi wanda ya taɓa aiki a wurin, ka kai masa gaisuwa, ka saurara.

Takardu kuma a haɗa su tun da wuri. CV da wasiƙar neman aiki, kwafin difilom da aka buga wa hatimi a ma'aikatar magajin gari ko a kwamisariya, takardar haihuwa, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, katin ANPE, da kaziye, wato takardar kotu mai nuna ba ka da tabon shari'a, wadda galibi ake son kada ta wuce wata uku. Kada ka bari sai jajibirin ganawa ka fara gudun neman hatimi, musamman in ta faɗo Juma'a da ma'aikatun gwamnati ke yin rabin wuni. Ka tafi da na asali da kwafi, a jere cikin abin da zai kare su daga zufa da ƙura. Kuma ka karanta CV ɗinka! In wani ne ya buga maka a shagon kwamfuta, duba abin da ya rubuta. Mun san wanda aka tambaya game da wani sitaj da ke cikin CV ɗinsa ya tsaya yana zare ido, ashe na abokinsa aka kwafa aka canza suna kawai. Lambar wayar da ka sa kuwa ta zama wadda ke hannunka, ba ta ƙanenka da ke kashe ta in ya shiga aji ba.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ta fi cinye mu. Ƙarfe takwas na biki daban, ƙarfe takwas na ganawa daban. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, daga Maradi fiye da 600, daga Tawa fiye da 500. Wanda aka kira Yamai kada ya yi lissafin sauka daga mota da asuba ya wuce ganawa da jajayen idanu. Ya iso da kwana ɗaya a gaba, ya je ya gano ƙofar da idonsa, don adireshi a garuruwanmu kwatance ne: bayan gidan mai, kusa da masallaci, ka tambayi mai shayi. Wanda ya sauka a Harobanda ya sa cunkoson gadar Kennedy na safiya cikin lissafinsa. Kuɗin kabu-kabu ko taksi a ware su daban tun da dare, da canjinsu. Ka isa da rabin awa a gaba, ka samu inuwa ka huce, ka shiga saura minti goma. Da sanyin safiya ake kama fara. In kuma wata larura ta gaske ta tare ka, bugo waya kafin lokaci ya cika, ba bayan ya wuce ba.

Game da tufafi, ba mu yarda da masu cewa sai da kwat da laƙataye ba. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, wanda ya aro kwat ɗin da ta fi ƙarfinsa zai shiga ne yana tsiyaya, hankalinsa na kan wuyansa maimakon tambaya. Kaftani wankakke, gogagge, da hula, ya wadatar a kusan ko'ina a ƙasar nan. Riga da wando masu tsabta ma haka. Mace ta sa atamfarta ko doguwar rigarta da mayafi ko hijabi, ba tare da gwala-gwalai da turaren da zai cika ɗaki ba, don ba ɗaurin aure aka je ba. A duba takalmi, a duba farce, a bar cingam da goro sai an fito. Abin lura ɗaya ne: ka yi kama da wanda in an ce ya fara aikin gobe ba sai ya canza shiga ba.

Wani abin da matasa ba su lura da shi ba: ganawa tun daga ƙofa take farawa. Dattijon da ke gadi, da sakatariyar da ta karɓi sunanka, sun fi ka sanin darakta, kullum suna tare. "Baba ina kwana, an tashi lafiya? Don Allah ina ake ganawar aiki?" ba ta rage ka da komai. Wanda ya wuce mai gadi kamar bai gan shi ba, ko ya ɗaga wa sakatariya murya don an bar shi yana jira, kada ya yi mamaki in labarinsa ya riga shi shiga ciki. A wurin jira kuma a kama baki. Ba nan ne wurin zagin masu ƙungiyar ko hirar PAC ba, ba ka san wanda ke zaune kusa da kai ba. Waya a kashe ta gaba ɗaya.

In an kira ka, ƙwanƙwasa, yi sallama, gaida kowa da ke ɗakin, ba babban kaɗai ba. Gaisuwarmu doguwa ce, ina gida, ina gajiya, ina iyali, kuma abin alfahari ce, amma a nan a taƙaita ta. Kada ka riga manya miƙa hannu. In sun miƙo ka karɓa. Macen da ba ta musabaha da maza, ko namijin da ba ya yi da mata, ya ɗora hannu a ƙirji da sakin fuska, kowa a Nijar ya san ma'anar wannan. Ka jira a nuna maka kujera, ka zauna daidai, ba a bakin-bakinta kamar mai shirin gudu ba, ba kuma a kishingiɗe kamar a fada ba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ba masu masauki kaɗai karin maganar ta shafa ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. An tarbiyyantar da mu cewa yaron kirki ba ya kallon babba cikin ido, ba ya ɗaga murya, ba ya yawan magana gaban manya. Tarbiyya ce mai kyau, ba mu ce a yar da ita ba. Amma a ɗakin ganawa, sunkuyar da kai da magana ƙasa-ƙasa ana fassara su da rashin sanin amsa ko rashin yarda da kai, ko da kuwa masu tambayar Hausawa ne 'yan uwanka. Dalilinsu a fili yake: wanda za a tura ya yi wa mata hamsin bayanin rigakafi a dandalin gari, ko ya karɓi baƙi a gishe, dole a ji muryarsa. Akwai tsaka-tsaki. Ka dubi fuskar mai tambaya lokacin da yake magana da lokacin da ka fara amsa, ba sai ka kafe shi da ido ba. Ka yi magana yadda na ƙarshen teburi zai ji ba tare da ya ce "me ka ce?" ba. Ladabi yana cikin kalmominka da haƙurinka na barin mutum ya gama tambaya, ba cikin kallon takalminka ba.

Haka ma maganar yabon kai. Mun tashi da jin cewa yabon kai jahilci ne, shi ya sa in aka ce "gabatar mana da kanka" sai wasu su daburce, wasu kuma su faro tun daga unguwar da aka haife su da sunan mushen aji ɗaya. Faɗin abin da ka yi ba yabon kai ba ne, shaida ce. Yabon kai shi ne "ni haziƙi ne, na iya komai." Shaida kuwa ita ce a ce: "Ranku ya daɗe, na karanta lissafin kuɗi a jami'ar Tawa. Na yi sitaj na wata shida a wani asusun ajiya da bashi, ni ke shigar da kuɗin da mata 'yan adashi ke kawowa, ina haɗa lissafin kowane mako. Da na ga ana yawan samun saɓani tsakanin kaye da kwamfuta, na ba da shawara a riƙa daidaita su kullum da yamma, aka karɓa. Abin da ya sa na nemi wannan aikin shi ne irinsa ne na riga na taɓa." Minti ɗaya ko biyu, an gama. Babu fariya a ciki, kuma kwamiti ya samu abin kamawa.

Amsar da ta fi kashe mu ita ce "kowane aiki kuka ba ni zan yi, ni dai a taimaka mini." Mun san daga zuciya take fitowa, mun san akwai tsohuwa a gida da ƙanne a lakwal. Amma kwamiti ba sadaka ya zauna rabawa ba, matsala gare shi yana neman mai warware ta. Ka nuna masa kai ne. Kuma kada ka raina abin da ka taɓa yi don ba a biro aka yi shi ba. Wanda ya yi sarwis sibik yana koyarwa a ƙauye ya san riƙon aji da zama da mutane. Wanda ya tsare shagon babansa a babbar kasuwar Maradi ya san ciniki da bin bashi da lissafin kaya. Wadda ta riƙe asusun ƙungiyar matan unguwa shekara uku ba a rasa ko dala ba, ta riga ta ba da shaidar amana. Duk waɗannan ƙwarewa ce, in an iya faɗinsu.

Ƙarya kuwa a bar ta a gida, raminta ƙurarre ne. Ka ce ka iya Excel, sai a juyo maka kwamfuta a ce bismilla. Ka ce kana jin Ingilishi, sai ɗaya daga cikinsu ya juya harshe. "Wannan ban iya ba tukuna, amma na iya kaza mai kama da shi, kuma a shirye nake in koya" ta fi ƙarya daraja sau dubu. In ba ka gane tambaya ba, ka roƙi a maimaita. In an tambaye ka dalilin barin tsohon wurin aikinka, kada ka zagi tsohon shef ɗinka, don mai sauraronka zai ce gobe shi ne a bakinka.

Sai harshe. Da yawa sun san aikin sarai, amma tsoron kuskuren Faransanci ke ɗaure musu baki. Gajerun jimloli masu ma'ana sun fi dogon turancin da mai shi ya ɓace a tsakiyarsa. Kuma mu daina ɓoye harsunanmu kamar abin kunya. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya sanya Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Tun kafin nan ma, duk aikin da ya shafi shiga cikin jama'a, lafiya ne, noma ne, banki ne, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci ake yin sa. In kana jin biyu ko uku cikinsu, rubuta a CV, faɗa da bakinka. Sai dai ka gwada bayanin aikinka da Hausa tun a gida, don ana iya cewa: ga tsohuwa ta zo daga ƙauye, yi mata bayani mu ji. Nan ake gane wanda ya fahimci abu da wanda ya haddace.

Tambayar albashi ma tana zuwa, kuma "duk abin da kuka ba ni" ba amsa ba ce. Ka bincika abin da ake biyan masu irin aikin, ka faɗi tsakanin kaza da kaza, ka nuna ana iya tattaunawa. Ka sani cewa mafi ƙarancin albashi a doka, wato SMIG, ya tashi daga CFA 30.047 zuwa jikka 42 tun farkon 2024. Ka tambaya cikin ladabi: kwantiragin na ƙayyadadden lokaci ne ko na dindindin? Wata nawa ne gwaji? Za a yi mini rajista a CNSS? Waɗannan ba rashin kunya ba ne, haƙƙi ne da dokar aiki ta 2012 ta tanada. Wanda ya shiga aiki da baki kawai, ba takarda, ranar da aka ce ya tafi ba shi da abin nunawa a gaban sufetan aiki.

'Yan uwanmu mata suna da ƙarin kaya a kansu. Su ake tambaya: kina da aure? Mijinki zai bari? Yaushe za ki haihu? Namiji ba a yi masa waɗannan tambayoyin. Shawararmu, ki mayar da maganar kan aiki cikin natsuwa: "Na karanta sharuɗɗan aikin, har da tafiye-tafiyen, kuma na shirya musu." Dokar aiki ta hana nuna bambanci saboda jinsi, ta kuma haramta neman mace da lalata a kan aiki. Duk wanda ya ce ki same shi a otal ko a gidansa da dare "a ƙarasa ganawa", ba aiki zai ba ki ba. Ganawa a wurin aiki ake yin ta, da rana. Ki gaya wa na gida inda za ki, kuma in abu ya faru kada ki haɗiye shi ke kaɗai.

A kula da 'yan damfara kuma, sun gano yunwar aiki kasuwa ce. Saƙo zai shigo waya da tambarin wata babbar ƙungiya, an ce an zaɓe ka, ka aiko jikka goma ko ashirin na "buɗe dosiye" kafin a ba ka ranar ganawa. Ƙungiyar ƙwarai ba ta sayar da ganawa. Kafin ka aika ko dala, je ofishinsu da ƙafarka, ko ka tambaya a reshen ANPE na jaharku. Wanda kuma aka ce za a gana da shi ta waya ko ta bidiyo, ya yi cajin waya tun da wuri don wuta ba ta da alƙawari, ya sayi isasshen intanet, ya nemi ɗakin da rezo ke kamawa kuma ba kukan awaki, ya yi shiga kamar zai je da kansa.

To masu ɗaukar ma'aikata, ga naku. Ba daidai ba ne a kira mutane ƙarfe takwas a bar su cikin rana har azahar ba ko ruwan sha. Ba daidai ba ne a taso yaro daga Difa ko Agadas, ya ci bashin kuɗin mota, alhali kun san gurbin yana da mai shi. In kun riga kun zaɓa, ku bar 'ya'yan mutane a gida, wannan zalunci ne, kuma Allah yana gani. Wanda bai samu ba, saƙon layi biyu ya ishe shi ya daina jira. Ku sani ku ma ana yi muku kallon farko a ranar: yadda kuka karɓi masu neman aiki shi za a kai fada, shi zai zama sunanku a gari. Kuma duk wanda ya ɗauki ɗan wani da bai iya ba ya bar wanda ya iya, shi zai zauna da aikin da bai tafiya.

Iyaye, addu'arku ita ce gaba da komai, amma a haɗa da barin yaro ya saba faɗin ra'ayinsa a gida cikin ladabi. Wanda ba a taɓa bari ya gama jimla gaban babansa ba, ba zai iya gaban baƙi huɗu rana ɗaya ba. Jami'o'inmu da makarantun koyon sana'a su ware ko da kwana biyu a shekarar ƙarshe don wannan darasin. Mu kuma 'yan fada, tunda kullum muna tare har shayi na uku, me zai hana duk wanda aka kira ganawa mu zaunar da shi a daren da ya gabata? Mutum uku su zama kwamiti, a nemo wani yaya ma'aikaci ya shugabanta, a yi masa tambayoyi ba sani ba sabo, a ɗauke shi da waya ya ga kansa. Dariyar da za a yi masa a fada ta fi wadda za a yi bayan ya fita daga ɗakin ganawa.

Ba mu ce wanda ya bi duk wannan dole ya samu ba. Wani zai shirya iyakar shiri a ba ɗan wani, haka ne, kuma ciwon yana nan. Amma masu zama kwamiti mutane ne, suna tuna fuskar da ta burge su, wani lokaci bayan watanni sai waya ta yi ƙara. PAC ba a hannunmu take ba, sai dai mu ci gaba da yin tir da ita a duk inda muka samu dama. Karanta sanarwa, haɗa takardu, zuwa kan lokaci, ɗaga kai a yi magana, waɗannan a hannunmu suke. Rabo na Allah ne, amma Hausawa sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka.

Allah ya ba masu nema sa'a, ya sa waɗanda suka samu su riƙe amana. Sai mun sake haɗuwa.